Rigar Idin Maidaji

Duk Bahaushen da ya taɓa sarin kaya a titin Guangyuan ya san Maidaji, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin Maraɗin nan mai yawo da baƙar leda a hammata, wanda in ka ce masa "Ina kwana?" sai ya ƙara matse ledar kafin ya amsa. Zargi dai Allah ya zuba masa shi har ya yi yawa. In mai shago ya yi masa murmushi, to akwai abin da yake ƙullawa. In kuma ya ɗaure fuska, to an riga an cuce shi ke nan. A duk faɗin Guangzhou, da Sinawanta da baƙinta, mutum ɗaya tak yake buɗe wa ledar nan, shi ne Ilu.

Ilu Bakano ne, ɗan kasuwar Kwari, gajere mai yawan dariya, sana'arsa huluna. A shekara ɗaya suka sauka garin, ba wanda ya iya ko gaisuwa da Sinanci, suka kama ɗaki ɗaya suna kwana a kan kwalaye. Ranar da zazzaɓi ya kayar da Maidaji, Ilu ne ya goya shi zuwa asibiti, dogo a bayan gajere, ƙafafu na jan ƙasa. Daga baya kowa ya kama gidansa, amma cin abinci bai rabu ba. Hajiya Jumai mai tuwo ba ta ma tambayarsu, da ta hango su sai ta jawo babban faranti ɗaya ta zuba musu.

Don a yi adalci, ba da wannan hali aka haifi Maidaji ba. Mai Zalɓe ce ta koya masa.

Yau in ka ce Mai Zalɓe, kowa ya san kamfanin tufafin nan ne mai hoton tsuntsu mai dogon wuya, mai shaguna a Kano da Yamai da garuruwan da ko sunansu Maidaji bai iya faɗa ba. Sunansa na ainihi ya yi wa Hausawa nauyi a baki, shi ne suka raɗa masa nasu. To Maidaji ya san kamfanin nan tun yana ɗan lungu a ƙarƙashin matakala, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, mai shi Madam Fang na zaune a kan buhun safa tana zuƙar taliya. Safa da singileti kawai gare ta. Duk abin da ka tambaya ban da su, sai ta kaɗa hannu ta ce "meyo", wato babu.

Wata rana Maidaji ya kai mata wani ɗan kaftanin yara wanda mahaifinsa, Malam Illa tela, ya ɗinka a Maraɗi, ya tambaye ta ko ta san masana'antar da za ta yi masa irinsa. Ta juya shi ciki da waje, ta bi ɗinkin da farce, ta miƙo masa ta ce meyo. Kafin ya je gida ya dawo, ga kaftanin nan rataye a lungunta kala-kala, kowanne da zalɓe a wuya. Ya yi masifa har muryarsa ta dushe. Ita kuwa ta zuba masa shayi, ta ce in zai saya da yawa za ta rage masa. Daga kan rigar nan ta bar sayar da safa.

Sai kamfani ya fara hayayyafa sunaye. Kayan da za a kai Kano a liƙa musu Sarauta. Na Yamai a ba su sunan Faransanci da ruwan zinare. Ga wani kuma na Larabci, don mai son ya ce daga Dubai ya yo oda. Alhali yadi ɗaya ne, keke ɗaya, 'yar takardar wuya ce kawai ke canzawa. Talla ma haka ta taso: aka fara da kalanda ana raba wa 'yan kasuwa, aka koma leda mai tambari, aka shiga salula da gajerun bidiyo har da waƙar Hausa, ko wa ya rera musu oho. Yanzu kuwa wani makeken allon talabijin ne a ƙofar babban shagonsu, yana ta walƙiya tun safe. Maidaji in zai wuce wurin sai ya kau da kai.

Tun daga nan ya ɗauki wata dabara, ba ya yarda wani ya ga rigarsa a haɗe. Jikin riga a yanka a masana'anta ɗaya, aikin wuya a wata, maɓalli a ta uku, kuma kowacce ya yi mata ƙarya game da sauran. Haɗawa kuwa sai ya ɗauki mota har Shiling, wurin masu ɗinkin jakar mata, waɗanda ba ruwansu da riga. Ana yi masa dariya, ya ce a yi ta yi.

A bana ne ya fito da abin da ya daɗe yana mafarki. Riga ce tsakanin jallabiya da kaftani, yadi mai shan iska, a wuyanta zanen surfanin Malam Illa wanda tsohon ya rasu bai ba kowa ba. A ciki kuma, ta ƙarƙashin hammata, akwai ɓoyayyen aljihu na salula, don masu shiga cunkoson kasuwa. Niyyarsa ta sauka Maraɗi da Kano kafin Sallar Layya, da sunan mahaifinsa a wuya. Samfurin ya fito a ƙarshen azumi, ya kai shi shagon Ilu, ya sa aka ja ƙofa, sannan ya kwance ledar.

Ilu ya daɗe yana kallo. Ya zura hannu a ɓoyayyen aljihun ya yi dariya, ya ce, "Masha Allah! Mutumina, wannan karon ka gama da su." Sai ya ɗaga rigar sama ya ga tsawonta, ya dubi tsawon Maidaji, dariyar ta ragu. "To amma me ya sa aka ɗinka samfuri daidai jikinka? Don Allah kada ka ce sa ta za ka yi ranar Idi. Mayar da ita leda sai kaya sun hau jirgin ruwa."

Maganar ta tsaya wa Maidaji a rai. Me ya dami Ilu da abin da zai sa? Shi, ɗan tela, ya je Idi da tsohuwar riga? A gidan Malam Illa ko shekarar yunwa ba a taɓa yin haka ba. Ya yi ta juya zancen, har ya kai ga cewa ashe Ilu ma yana da ɗan ƙyashi, ba ya son a ga abokinsa ya fita kunya.

Ranar ƙaramar Sallah ya sa rigarsa ya nufi masallacin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Kai, ranar ya sha kallo! 'Yan Kano na taɓa yadin, 'yan Yamai na tambayar tela, Sinawa a bakin titi na ta ɗaukar hotunan masallata kamar yadda suka saba kowace shekara. Ilu ya yi ta jan hannunsa su tafi, shi kuwa yana fizgewa. Da ya koma gida ya ninke rigar, ya mayar da ita leda, ya ci gaba da ɓoyonta kamar ba abin da ya faru.

Ba a yi nisa ba wani abokin cinikinsa, Sabiru, ya turo masa hoto daga Kano. Rigarsa ce a shagon Mai Zalɓe, da surfanin Malam Illa a wuyanta, an liƙa mata Sarauta. Nasa kayan kuwa ko gama yanka su ba a yi ba.

Maidaji ya zauna a bakin gado, ya fara lissafin mutane. Masu yanka ba su ga wuya ba. Masu wuya ba su ga jiki ba. 'Yan Shiling ba su san gaban riga da bayanta ba. Idi kuwa ko a ransa bai kawo ba, don shi a wurinsa Idi ibada ce, ba kasuwa ba. Saura mutum ɗaya da ya riƙe rigar nan da hannunsa, ya juya ta ciki da waje. Nan take abubuwa suka fara haɗuwa masa. Ai ya taɓa hango Ilu yana shan shayi a shagon Mai Zalɓe. Ai Ilu ya canza salula kwanan nan. Kuma ga dalilin da ya sa ya hana shi sa ta, don kada a sami shaidun da za su ce a jikin Maidaji suka fara ganinta. Wallahi sai da ya yi ƙwalla, don ya fi jin zafin Ilu a kan zafin rigar.

Ranar Juma'a bayan an sauko, gidan tuwon Hajiya Jumai ya cika maƙil. Ta ajiye musu farantinsu, Ilu ya wanke hannu ya ce bismillah. Maidaji bai sa hannu ba. Ya ajiye salularsa a gaban Ilu, hoton na buɗe, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Nawa ta ba ka?"

"Wa?" in ji Ilu.

"Madam Fang. Kai kaɗai ka ga rigar nan. In ba kai ba ne, ɗauki Alƙur'ani ka rantse."

Kowa ya juyo yana kallonsu. Hajiya Jumai ta ce, "Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah! Ilun?" Dattawa suka taso suna ba da baki, suna cewa ba a kai aboki ga rantsuwa a kan tufa. Ilu ya ɗaga musu hannu. Ya tashi ya yi alwala a natse, ya karɓi Alƙur'anin Hajiya, ya rantse bai nuna wa kowa ba, bai faɗa wa kowa ba. Ya sumbaci littafin ya mayar, ya sa takalmansa ya fita, tuwon ko taɓa shi bai yi ba. Maidaji kuwa a ransa cewa ya yi, lallai mutumin nan ya yi nisa, har rantsuwar ƙarya yake yi.

Bayan 'yan kwanaki ya ce bari ya je ya ga ɓarnar da idonsa. Ya shiga babban shagon Mai Zalɓe, wanda rabonsa da shi tun yana lungu, ya zaro rigar daga marataya. Sun kwaikwayi komai, har karkacewar zaren da ke gefen hagu. Ya zura hannu ta ƙarƙashin hammata, ya ji ba aljihu. Ya zaro wata, ita ma babu. Alhali Ilu ya san aljihun nan, har dariya ya yi masa.

Yana fitowa ya ɗaga kai, karo na farko ya kalli allon nan. Tallar Sarauta ake yi, waƙar Hausa na tashi. Ga taron masallata a bakin titi, ga wani dogo an yanke hotonsa daga haɓa zuwa ƙasa, da dardumar sallah ruwan toka a kafaɗa da zoben azurfa a ɗan yatsa. Maidaji ya dubi zoben da ke hannunsa. Sai a lokacin ya tuna da matan nan biyu da suka tare shi suna cewa, "Lawban, hoto, hoto!" An kira shi maigida, shi kuwa ya gyara tsayuwa. Da kansa ya ɗaga haɓa don wuyan ya fito sosai, da kansa ya juya musu baya. A gefen hoton ma ga wani gajeren hannu yana jan hannun rigar.

Innalillahi! A ƙafa ya tafi shagon Ilu, bai ma san ya bar ledarsa a kan kantar Mai Zalɓe ba.

Ya tarar da shi yana jera huluna. Ya durƙusa, dogo da shi, ya faɗi komai bai rage ba. Ilu ya saurare shi har ƙarshe, ya kama shi ya tayar, ya ce, "Tashi, Alhaji. Na yafe maka duniya da lahira. Zauna a kawo maka shayi."

"Alhaji" ya kira shi, ba "mutumina" ba. Maidaji ya ji wannan, amma ya zauna, yana murna ko a haka. Ilu na tambayarsa iyali, yana amsawa, sai idonsa ya sauka a kan wata sabuwar hula a tebur, irin da bai taɓa gani ba. Tun zuwansu garin nan samfurin Ilu a fili yake zama, Maidaji ne ma ke fara gwada shi a kansa. Ya miƙa hannu kamar yadda ya saba.

Ilu bai daina magana ba, bai kuma ɓata fuska ba. Ya dai riga shi ɗaukar hular, ya jefa ta a baƙar leda, ya ƙulle bakinta, ya tura ta ƙarƙashin tebur.