Kawu Bulus da Hoton Kaka

Duk wanda ya taɓa nuna wa Kawu Bulus hoto a kwamfuta ya san ba ya cewa ya yi kyau. Sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya tambaya, "Nauyinsa nawa?" Wato wurin da hoton zai ci a kwamfutar. Ko hoton jariri ne. Ranar da Anti Rifkatu ta kawo na ɗanta, ta ɗauka yaron yake nufi, ta fara ba shi labarin awo a asibiti.

Ga baƙin da suka zo mana gaisuwa: Kawu yayan mamata ne, kuma shi ne mai kula da majigi a wani sashe na jami'a a Samaru. Malamai su kawo masa jawabinsu da hotuna, shi ya shirya shafukan da za a haska a bango. Dokarsa ɗaya ce. Komai tsawon jawabi, sai ya shiga disket guda, ɗan faifan ajiyar nan na kwamfutar da, wanda yake yawo da shi a aljihun gaba, naɗe cikin ledar burodi. "Abin da ya ƙi shiga disket ɗaya," in ji shi, "surutu ne."

Wani farfesan dabbobi ya taɓa zuwa daga Shika da hotunan shanu, in ban yi ƙarya ba sun kai garke uku. Kwamfutar ofis ta gan su ta sume. Kawu ya zauna yana yanke gefe da gefe, yana rage girma.

"Bulus, ina sararin saman?"

"Ranka ya daɗe, saniya za ka koyar ko girgije?"

"To ni fa? Ai ina tsaye kusa da bijimin nan."

"Kai za ka tsaya a gabansu da kanka. Za su gan ka da cikakken nauyinka."

Haka ya yi wa zumuntar mata a cocinmu na Sabon Gari lokacin bikin godiya. Da aka haska hoton, Mama Talatu ta ga an gutsure mata ɗaurin kai. Ta tare shi a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, ɗankwalinki kaɗai ya cinye rabin disket. Ko shi, ko mawaƙa." Wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Da filash, sabon abin ajiya na kwamfuta, ya shigo, ɗansa Yohanna ya sayo masa, ya ce wannan zai ɗauki disket ɗari. Kawu ya juya shi, ya yi godiya, ya rataya a makullin babur. "Babban rumbu shi ke koya wa mutum tara shara."

Yanzu, Mama, ki gyara zama. Wannan ɓangaren naki ne.

Shekara biyu da suka wuce, makarantarmu ta shirya gasar jawabi da majigi a kan tarihin iyali. Kaka, mahaifiyar Mama da Kawu, hoto ɗaya tak ta ɗauka a duniya, yana cikin ambulan a ƙasan akwatin Mama. Na ɗauke shi ban tambaya ba, na kai ofishin Kawu. Ya sa shi a na'ura ya kwafa, ya rage, ya zuba mini a disket. Na zo ta biyu a gasar, ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi.

A motar dawowa daga Samaru na sa hoton a jaka tare da ƙullin zoɓo. Wata mata mai buhun albasa ta zauna a kan jakar. Kafin mu sauka, Kaka ta zama ja, fuskarta ta manne a littafin lissafi. Na yanko kwalin sabulu daidai girman hoton, na sa a ambulan, na mayar akwati.

Washegari na ruga wurin Kawu ina kuka, na ce ya buga mini wani daga disket. Ya buga. Abin da ya fito kamar an gina Kaka da bulo, ido ɗaya murabba'i, hanci ya tafi yawo.

"Kawu, ka kashe ni. Me ya sa ka rage ta haka?"

"Don bango na rage ta, ba don mai zoɓo ba. Ladi, je ki faɗa wa uwarki, sannan ki dawo."

Ban faɗa ba. Tun daga ranar, duk inda muka haɗu, ko a layin karɓar jibin Ubangiji a coci ne, sai ya sunkuyo ya ce, "Kin faɗa?" Ni kuma in ce, "Ana hanya, Kawu." Ya ce, "Hanyar nan ta fi ta Legas." Idan Mama ta doshi akwatin nan neman zane, sai in sulale in bar ɗakin.

Da Kawu ya rasu, ana cikin shirin wannan taro, Mama ta ce za ta fito da hoton Kaka a ajiye kusa da nasa. Na fara tunanin wace 'yar'uwa ce a Kafanchan za ta riƙe ni.

Ana saura kwana biyu, abokin aikinsa ya kawo kwalin kayan ofishinsa. Ni aka sa in jera. A ƙasa na tarar da gwangwanin biskit cike da fayafayan sidi, kowanne an rubuta "Na asali". Ashe mutumin nan bai taɓa rage hoto ba sai ya ɓoye cikakkensa. Shanun farfesa na nan da girgijensu. Mama Talatu, ɗankwalinki na nan lafiya, har da ƙarin bene.

Ɗaya kuma da 'yar takarda manne: "Na Ladi. A ba ta idan ta faɗa wa uwarta. In na riga tafiya, a ba ta haka nan, wahalar ta isa."

Na kai shi shagon mai hoto. Da ya fito, sai ga Kaka, har zanen kumatunta da ɗinkin da ke gefen mayafinta. Na zauna a kan bencin mai shagon na yi ta dariya da hawaye, har ya kawo mini ruwa. Da na koma gida, na zare kwalin, na sa sabon hoton a ambulan.

Jiya Mama ta buɗe ambulan ta ce, "Ikon Allah, takardar kamar jiya aka wanke." Mama, shekaranjiya aka wanke. Wanda ke kan teburin nan ba na akwatinki ba ne. Kwalin sabulun yana ƙarƙashin katifata, in kina son shaida. In duka ne kuma, ki bari baƙi su tafi.

Kawu, na faɗa. Hanyar ta yi tsawo, amma na iso.

Ubangiji, ka karɓi bawanka Bulus. Ka yanke masa kurakuransa kamar yadda yake yanke gefen hoto, ka riƙe shi cikakke a wurinka, kusa da Kaka, har ranar da za mu sake ganinsu. Amin.