Jeren Popo a Kabad ɗin Umma

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na cika tara, muna dawowa daga sayen kayan miya ni da Umma, sai ta ja ta tsaya a ƙofar benenmu da ke unguwar Panyu. Wani kwali aka ajiye kusa da shara, ruwan sama ya jiƙa gindinsa har ya fara yagewa. Ta sunkuya ta zaro wani kofin gilas, ta goge shi da bakin mayafinta, ta ɗaga shi sama. An zana masa furen bado da koren ganye mai faɗi, ruwan zinaren bakinsa duk ya koɗe. Rabon da in ga Umma ta yi irin wannan murmushin tun muna Kano.

Lokacin ba mu cika shekara a Guangzhou ba. Abba yana harkar aika wa 'yan kasuwar gida kaya, kullum yana kasuwar Shahe ko wajen masu kwantena. Ni an sa ni a firamaren unguwa, inda tsallen igiya da wasan ɓuya suka koya mini Sinanci tun kafin malamai su gama gyara mini baki. Umma kuwa ta zama 'yar ɗaki. Ba ta jin yaren, babu maƙwabciyar da za ta leƙo su gaisa, sai ta wuni a bakin taga tana kallon rufin masana'antu. Ta rame, abinci ma sai an matsa mata. Har Abba ya yanke shawara cewa da an tashi daga baje kolin kaka na Pazhou zai mayar da mu gida ni da ita, shi ya zauna shi kaɗai. Na sha kuka a ɓoye, don ba na son Abba ya koma murya a waya.

Muna tsaye a kan kwalin sai ga wata tsohuwa ta sauko da sandarta tana ta faɗa. Maƙwabciyarmu ce ta hawan sama, yaran bene suna kiranta Popo, wato kaka. Umma ta yi maza ta mayar da kofin, a zatonta an ɗauke ta ɓarauniya. Da na kasa kunne sai na gane da ɗanta take. Zai dawo gidan da matarsa da jaririnsu, ya ce tarkace ya cika ɗaki, ya kwashe ya fitar. Kofunan da ke cikin kwalin kuwa da su aka kai ta gidan miji. Ina gama fassarawa Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe jerenta ne!" Ita ma nata jeren yana can Kano a kulle a ɗakin kakata. Ta ce, "Gaya mata akwai wuri a kabad ɗina. Ajiya ce, ta zo ta ga abinta duk sanda ta so."

Popo ta amince, muka shiga da kwalin gida. Daga ranar aikina ya ƙaru. Duk Lahadi nakan shimfiɗa tawul a cikin roba, in zuba ruwan ɗumi, in wanke su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, don soso yana kankare zanen. Akwai mai ganyen gora, akwai mai malam-buɗe-littafi a kan reshe, da wata 'yar kwalba shuɗiya da aka sassaƙa wa ƙananan furanni. Umma tana tsaye a kaina tana cewa, "Hannu biyu, Hadiza, kayan mutane ne." Popo takan sauko da la'asar da 'ya'yan itace a leda, don ta lura Umma ba ta cin namansu. Umma ta zuba mata zoɓo a kofin badon, jan ya fito da furen kamar yau aka zana. Da farko ni ce bakinsu. Daga baya suka daina nemana, suna nuni da yatsa suna ƙyaƙyata dariya, ni kuma in zame in tafi wasa.

Popo ce ta fara jan Umma zuwa kasuwar tsofaffin kaya, cikin lungunan da ake shirin rushewa. Nan Umma ta koyi ciniki. Ta iya kiran mai shago "lawban", ta iya juya baya idan ya ce mata "meyo", babu ke nan, har sai ya shiga ciki ya lalubo. Popo ta koya mata shafa gindin kofi a ji kaushin aikin hannu. Sukan dawo da guda ɗaya a naɗe cikin jarida, wani lokacin hannu wofi, amma Umma ta dawo da yunwa da labari.

Da aka tashi daga baje kolin, Abba ya tayar da maganar tafiya muna cin tuwo. Umma ba ta ko ɗago ba ta ce, "To Alhaji, kayan Popo fa? Wa zan bar wa?" Abba ya dube ta, ya dubi kabad ɗin da ya cika har ana sa wasu a kan firji, ya yi dariya ya ci gaba da cin tuwonsa. Ba a sake maganar ba. Tare muka zauna har na gama sakandare.

Popo ta rasu ina aji na ƙarshe, kuma ɗanta da kansa ya ce mu riƙe kofunan. Yanzu su Umma sun koma Kano da rabin jeren, ni ina nan ina aikin tafinta da sauran rabin. An rushe lungunan, an dasa dogayen benaye, masu neman irin waɗannan kofuna ta waya suke saye ba tare da sun taɓa su ba. Benen da nake ciki ban san sunan ko mutum ɗaya ba. Idan Umma ta kira ni, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce in juya wayar ta ga kabad. Na tashi a gaban uwa da uba, kuma wata tsohuwa da ba ta taɓa iya faɗin sunana daidai ba ce sila.