Macijin Yaya Habu Ya Bar Gidana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Habu, a nan Landan. Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai kaifin harshe. Ko gaisuwa ka ja masa da yawa, sai ya tambaye ka ko ba ka da aikin yi.

A falonsa na Tottenham akwai wani mutum-mutumin tagulla na ƙasar Kambodiya, wanda ya tsinta a kasuwar tsofaffin kaya. Buda ne, jagoran addininsu, zaune a kan maciji da ya naɗe jikinsa kamar gammo, kawunansa bakwai sun buɗe ta sama. Mu da muka tashi muna rarumar sanda da zarar an ce maciji, abin bai kwanta mana ba.

Yaya ya ce a wurin mutanen can, macijin sarkin ruwa ne. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya ɗaga Buda daga ambaliya, ya yi masa laima da kawunansa. "Ba bauta nake yi ba, Hajara," in ji shi, "aikin maƙerin nake kallo." Duk da haka, in lokacin salla ya yi, yakan lulluɓe shi da tawul. Baƙin da ke kwana a flat ɗinsa kafin su je Croydon neman biza sun sha gunaguni, amma ban ga wanda ya fasa kwana ba.

Ranar rabon gado kowa ya kau da kai, ni na ɗauka. Maigidana bai taɓa so ba, yana cewa mala'iku ba sa shiga gida mai gunki. Ni kuwa shi kaɗai ne abin Yaya da ya rage a hannuna. Yau da ake ta maganar mayar wa ƙasashe kayan tarihinsu, na san abin da Yaya zai ce da yana raye: "To, me kike jira?"

Bana na naɗe shi a zane, na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na kai wa wasu 'yan Kambodiya a wurin ibadarsu. Wallahi rabuwar ta yi mini ciwo. Wata tsohuwa ta karɓa da hannu biyu, ta nemi sunan wanda ya riƙe shi, wai za su yi masa addu'a.

Ban san me malamai za su ce ba. Sai na ji bakina ya ce, "Abubakar."