Takardar Safe da Takardar Yamma

Ko tsufa ya ruɗa ni, ranar da sakamakon jarrabawar shiga makarantar ungozoma ya fito ba za ta fita raina ba. Ɗiyata da ɗiyar ƙanena, wadda nake riƙo tun rasuwar uwarta a Maraɗi, duk su biyun suka zauna jarrabawar, gurbi kuwa ɗaya tak aka ba mazaɓarmu. Don gudun satar amsa aka raba yaran, na safe da takardarsu, na yamma da wata daban. Tawa ta faɗa safe, ta fito tana dariya, wai kamar shan ruwa. Ɗayar ta dawo da yamma ido jawur.

Washegari malaminsu ya bi amsoshin da su, ya ce tawa ta fi ci nesa ba kusa ba. Ni kuwa bakina ba ya ajiya. Kafin la'asar duk 'yan'uwana masu awon hatsi a bakin boda sun ji, har farin yadin kayan ungozoma na yanko mata.

Sai ga sakamako, ɗiyar ƙanena aka ɗauka. Innalillahi! A buɗe na bar buhun gero, na haye mashin sai ofishin masu jarrabawar. Na ce da jami'in, "Malam, ku ji tsoron Allah! Mai yawa ta faɗi, mai kaɗan ta ci?"

Ya ce, "Hajiya, zauna tukuna. Tiyar awo ta Maraɗi da ta Jibiya ɗaya ce?" Na ce ina fa. Ya ce, "To takardar safe ta fi sauƙi. Akwai tambayoyin da muka sa iri ɗaya a duka biyun, da su muke gane wadda ta fi tsauri, sannan mu mayar da makin kowa ma'auni guda. Da aka mayar, ta yamma ta ɗara."

Na nemi wanda zan zaga na rasa. A nan na tuna wadda na zo ƙwace wa gurbin ma a ɗakina take kwana.

Na iske marainiyar tana kuka tana cewa, "Gwaggo, ki yi haƙuri." Tawa ba ta yi kuka ba. Kallona kawai ta yi ta ce, "Inna, to mi ya sa ni ba su ba ni mai wuyar ba? Ai da na gwada."

Tun ranar, in wani cikin yarana ya ce abu ya zo masa da sauƙi, ba na saurin murna, sai na ji yadda aka auna shi.