Jan Turke a Gonar Shinkafa

Aikina a wancan lokaci shi ne bin daji da fadama ina neman dangin wake waɗanda ba wanda ya shuka su. In na samu, sai in shimfiɗa reshen tsakanin tsofaffin jaridu, in matse da katako biyu, in ɗauki lambar wurin da 'yar na'urar taswira, in kai ɗakin adana busassun tsirrai a Birnin Kebbi. Mutanen gidanmu sukan ce ana biyana albashi don in yi wa ciyawa guga. Ban taɓa musu ba.

Wata rana a ƙarshen damina na hau babur zuwa Argungu, na gangara fadama. A gefen wata gonar shinkafa na ga waken gizo irin wanda ban taɓa gani ba, furen babba, ganyen duk gashi. Bai yi 'ya'ya ba tukuna, shugabana kuwa ba ya tantance sunan tsiro sai da irinsa. Na yanki reshe ɗaya, na ciro turke mai jan fenti na buga a gindinsa don in gane wurin in na dawo. Sannan na ɗaga na'ura sama ina kwafar lambobi.

Da na juyo sai na ga mai gonar, wani dattijo, tsaye cikin ruwa har gwiwa da lauje a hannu. Ban san tun yaushe yake kallona ba.

"Sannu da aiki, Baba," na ce.

"Malam, mi kaka awo?"

"Ba awo nake ba, Baba. Ciyawa ce kawai."

"Ciyawa," in ji shi. Bai dubi ciyawar ba. Turken yake kallo.

Masu aiki a gonakin kusa duk sun miƙe tsaye. Na yi musu sallama, suka amsa ciki-ciki. Ni ɗan ƙasar nan ne, na san abin da jan turke da na'ura ke nufi ga manomi: yau a auna, baɗi a ce ka tashi. Na sani sarai. Amma hadari ya haɗu ta gabas, ina tsoron jariduna su jiƙe, ga kuma ɗan girman kai na mai takarda. Na tayar da babur. Har na hau tudu ban juya ba.

Zazzaɓi ya kwantar da ni, sai bayan wata biyu na koma. Na tarar an zagaye gonar da waya, an share gefenta tas, sabon injin ban-ruwa na ta ruri. Babu wake, babu turke.

Aka nuna mini dattijon a ƙarƙashin wata bagaruwa, yana ɗinkin tarun wani. Ya gane ni tun daga nesa. Ya ce kwana uku bayan zuwana wani ɗan kasuwa ya zo, ya dubi turken, ya girgiza kai, ya ce gwamnati ta riga ta sa hannu, gara ya sayar tun da sauran abin karɓa. Gonar kakansa ce. Ya sayar a wulaƙance.

"Ni ban taɓa turkenku ba," ya ce. "Shi ko, ranar da yas saye yat tuge shi, yaj jefa gulbi. Ba shi tsoro." Ya ɗago kai. "To, Malam, yaushe za su zo?"

Ba wanda zai zo. Maganar tana bakina, na dubi hannunsa a kan tarun da ba nasa ba, na kasa.

"Ban sani ba, Baba," na ce.

Reshen yana nan a ɗakin adana tsirrai, manne a farar takarda, da lambar gonar a ƙasa cikin rubutuna. Ba a taɓa tantance sunansa ba, don ba shi da iri.