Rantsuwar da Na Yi a Kan Zaman Tsige Kakaki

Shekara ashirin da biyu na yi ina ɗaukar sandar majalisar dokokin jiharmu. Firamare kawai na gama na shiga soja, da na yi ritaya aka ba ni aikin sajan majalisa. In lokacin zama ya yi, sai in buɗe akwatin sandar, in saɓa ta a kafaɗar dama, in shiga gaba, kakaki yana biye da ni, 'yan majalisa duk su miƙe tsaye. Sai na ɗora ta a kan teburi sannan abin da aka yanke yake zama hukunci. In babu ita, ko duka ashirin da huɗun sun hallara, hira ce suke yi.

A barandar da ke kaiwa zauren akwai hotunan kakakai a jere, ni nake buga ƙusa in rataya sabo. Na farko tsohon hedimasta ne, shi kaɗai ya cika shekara huɗu ya sauka da ƙafarsa. Na biyu wata tara ya yi aka tsige shi. Na uku ya ji ƙishin-ƙishin, ya rubuta takardar murabus tun kafin a taru a kansa. Ganin haka har na samu wata magana da nake yi wa direbobi: kakaki baƙo ne, sanda ce 'yar gida. Suna dariya, ni kuwa kaina yana ƙara girma.

Na huɗu shi ne na zalunta. Mutum ne mai magana ɗaya, ba shi da yawan fara'a. Wata rana muna shiga zaure, ga baƙi cike a sama, na yi masa nisa da kamar taku biyar. Sai ya ce, yadda kowa zai ji, "Sajan, rage sauri, ba kai aka zaɓa ba." Aka tuntsire da dariya. Ina jin kafin la'asar shi ya manta. Ni na ajiye ta a ciki shekara biyu.

Daga baya suka saɓa da gidan gwamnati a kan wata takarda da ya ƙi sa wa hannu. Ranar wata Talata, ya tafi ƙauyensu ta'aziyya, na dawo daga sallar asuba na tarar da motar mataimakinsa a ƙofar gidana.

Mataimakin ya ce, "Sajan, ɗauko makullin akwatin sanda, akwai zama ƙarfe bakwai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kakaki ya sani?"

"Wanda za ka shige wa gaba yau ba shi ba ne. Ko kana son ka bi shi ƙauye ku yi noma tare?"

Ba wanda ya riƙe mini hannu. Da na ce makulli yana wurin kakaki, da magana ta mutu a nan. Na shiga ɗaki na sa kakina.

Soja ba ya shiga wuri bai ƙirga kawuna ba. Da na ajiye sandar na juyo, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Goma sha uku ne. Doka ta ce sai mutum goma sha shida ake tsige kakaki. Minti ashirin aka yi aka tashi, akawu ya rubuta goma sha shida.

Kakakin ya kai ƙara kotu, kuma ni ya sa a kira shaida, don ya ce sajan ba ɗan jam'iyyar kowa ba ne. Na yi alwala, aka miƙo mini Alƙur'ani, na dafa na ce goma sha shida na gani. Yana zaune a bencin gaba. Ya cire tabarau ya sa a aljihu. Shari'a ta faɗi, jam'iyya ta kore shi, mutanen mazaɓarsa suka ce lallai akwai abin da ya aikata. Ni na buga ƙusar hoton na biyar.

Yanzu ina Makka, a gidan 'yata a unguwar Rusaifa. Na zo umara ne, amma ciwon ƙoda ya sa suka hana ni komawa da wuri. Kullum ƙafafuna a kumbure. Na yi ɗawafi sau da yawa ina kuka, har na fara tsammanin an share mini. Sai wani malami ɗan ƙasarmu da ke karatu a nan ya faɗa a wurin darasi cewa haƙƙin Allah tuba tana wanke shi, amma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe da bakinsa, ko mutum ya shekara yana zagaya Ka'aba. Tun ranar ruwan zamzam ma da ƙyar yake wuce mini.

Mijin 'yata haifaffen nan ne, yana aiki a wani masaukin alhazai, funduƙ inji su, a unguwar Misfala. Sati biyu da suka wuce muna karyawa da burodin tamis da wake, ya ce, "Ya ammi, wallah akwai wani shaiba, dattijo ɗan jiharku, a funduƙ ɗinmu, a keken guragu ake tura shi. An ce ya taɓa yin kakakin majalisa." Ya faɗi sunan. Lomar da ke hannuna ta koma cikin kwano.

Kwana uku ina cewa gobe. A na huɗu na je bayan azahar. Ɗakin yana hawa na shida, yana warin man zafi. Matarsa ce ta buɗe. Shi yana kishingiɗe, ya rame har zoben hannunsa an ɗaure shi da zare. Na durƙusa.

"Mai girma kakaki."

Ya daɗe yana kallona. "Hajiya, kin gane shi? Sajan ne. Ashe kai ma tsufa bai bar ka ba."

"Ranka ya daɗe, gafara na zo nema."

"Su nawa ne?"

Ban yi zaton zai fara da wannan ba. Na ce, "Goma sha uku."

Ya rufe ido. "Na sani tun ranar. A bakinka nake son ji." Matarsa ta ce, "Alhaji, a garin nan fa muke, ka yafe masa ka huta." Ya ɗaga mata hannu.

"Sajan, da a ɗaki ka yi mini, da a ɗaki na yafe maka. A gaban jama'a ka dafa Littafi. 'Ya'yana sun girma ana nuna su ana cewa ga 'ya'yan wanda aka kora. Ka je ka rubuta yadda aka yi, ka sa hannu, ka samu shaidu biyu, a kai gida a karanta. In na ga takardar da idona, sai mu yi maganar yafiya."

Na ce gobe zan kawo. Ya ce, "Ka yi sauri. Daga ni har kai ba mu da yawan gobe."

Ban kawo gobe ba. Na zauna ina tunanin jikokina da ke gida, da abin da za a riƙa ce musu a makaranta, da akawun da har yanzu yana raye. Na rubuta na yaga sau huɗu. Kwana shida suka tafi a haka. Shekaranjiya na gama, malamin nan da surukina suka sa hannu, na ɗauka da kaina zuwa Misfala.

Matarsa na tarar a ƙasa tana jiran mota. Ta ce da safe numfashinsa ya sarƙe, an kai shi asibiti, ba ya gane kowa. Ta karɓi takardar ta sa a jaka ba ta buɗe ba. Na ce, "Hajiya, don Allah in ya farfaɗo a karanta masa." Ta ce, "In ya farfaɗo, Malam."

Wayarta a kashe take tun jiya. Na aika kwafin takardar gida duk da haka, a karanta wa wanda zai ji. Yau na sa an kai ni Harami tun azahar. Bayan kowace salla ladani yana kiran sallar gawa, kuma a nan ba a faɗin suna. An yi bayan azahar, an yi bayan la'asar. Na tsaya a sahu na yi kabbara huɗu duka biyun, ban san wa nake yi wa ba.