Motocin da Yaya Habu Bai Taɓa Gani Ba

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana, Habu mai taya, wanda shagonsa ke kan hanyar tasha a Azare. Duk shekara idan damina ta yi nisa sai in ɗauki alƙalami don in yi rubutu a kansa, sai kuma in ajiye, domin abin da na fi tunawa da shi ba irin wanda ake faɗa a wurin ta'aziyya ba ne. Musu ne a kan motocin da bai taɓa gani da idonsa ba.

Babban amininsa shi ne Alhaji Garba, mai fataucin busasshen kifi daga Katagum. Unguwa ɗaya suka tashi, kuma kowannensu ya sa wa ɗansa sunan ɗayan. Bayan La'asar majalisa kan cika a ƙofar shagon. Da yake ni malamin firamare ne, ni ake miƙa wa tsofaffin mujallun motoci da Yaya ke sayowa a Kano, in karanta in fassara, su kuma su yi ta kai ruwa rana.

A nan muka ci karo da rigimar. Akwai wani filin tsere a Turai, mai kwana-kwana da hawa da gangara, inda masu ƙera motocin gudu ke kai sabuwar mota ta zagaya a duba agogo. Wani kamfanin Japan ya ce motarsa ta zagaye filin da sauri fiye da ta wani kamfanin Jamus, alhali ba ta kai ta tsada ba. Jamusawan suka ce sun sayi irinta sun gwada, ba ta yi kusa da haka ba, sai dai in an sa mata wasu tayoyi na daban. Duk tazarar da ake tayar da jijiyar wuya a kanta, kafin ka zuba shayi a kofi ta wuce.

Alhaji Garba ɓangaren Japan yake. Tsohuwar a-kori-kurarsa ba ta taɓa kwana da shi a daji ba, don haka a wurinsa mutanen da suka ƙera ta ba sa ƙarya. Yaya kuwa da ya ji an ambaci taya sai ya gyara zama, magana ta zo gidansa. Hujjarsa ɗaya ce: direban na kamfanin Japan ne, agogon nasu ne, su suka zaɓi ranar, to wane ne shaida? Ya ce shi kansa ya san yadda ake wanke tsohuwar taya a shafe ta ta yi ƙyalli. Aka yi makonni a haka, har masu acaɓa kan kashe babur su tsaya sauraro.

Wata ranar kasuwa, majalisa cike har da baƙi, Alhaji ya ce babban kamfani ba zai zubar da mutuncinsa don daƙiƙa biyar ba. Yaya ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, kai ma ai kullum cewa kake kifinka na wannan makon ne."

Aka kwashe da dariya. Yaya wasa yake yi, na san haka, bakinsa ne ba shi da birki. Amma cikin masu dariyar akwai masu sarin kifi a hannun Alhaji, kuma shi mutum ne da bai da jarin da ya wuce a ce maganarsa ɗaya ce. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Habu, ashe haka ka ɗauke ni."

Bai sake zama a majalisar ba. Liman ya sa baki, iyalansu suka yi ta kai kawo. Yaya ya ce gobe zai je, sai goben ta zo ya ce ai wanda ya yi fushi da wasa shi ya kamata ya fara sallama. Da dare kuwa sai in same shi zaune, mujalla a cinya, ba ya ko duba hotunan.

Ranar da Yaya ya yanke jiki ya faɗi a shago, rai ya yi halinsa, Alhaji yana bakin kogi a Katagum wajen masunta, inda waya ba ta shiga. Wani direba ne ya kai masa labari. Ruwa ya ɓata hanya. Mun jira iya abin da za a iya jira da gawa, sannan aka sallace shi. Muna fitowa daga maƙabarta a-kori-kurar ta tsaya, duk taɓo, kwandunan kifi a baya. Har yau ina tuna yadda Alhaji ya tsaya riƙe da ƙofar motar.

Yanzu komai ya canja. Shagon ya koma na cajin waya, keke napep ta cika hanyar. Yara na kallon waɗannan zagaye a waya, ga direba ga agogo yana tafiya a gefen hoton. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na tabbata ba zai sallama ba, zai tambayi wa ya riƙe kyamarar. Wannan ɗabi'ar ya bar mana, kuma ta yi mini amfani a zamanin da kowa ke yabon kayansa da kansa. Sai dai ban san ko ta kai abin da ta ci masa ba.

Alhaji Garba ya tsufa, ido ya yi rauni. Kwanan baya na je gaishe shi, sai ɗana ya nemo hoton wannan tsohon zagayen na motar Japan ya nuna masa. Ya kai wayar kusa da fuska, ya kalla har ƙarshe, agogo ya tsaya daidai inda kamfanin ya faɗa.

Na ce, "Alhaji, ga shi dai ka yi gaskiya."

Ya miƙo wayar. Ya ce, "To, Malam, wa zan je in gaya wa?"